Makullin da Aka Binne da Tsoho

Sosnogorka,
28 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata, Taisiya,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida Prokhor da yara. Ya ƙafar taki? Ina fatan kin sauke taurin kan nan kin je an duba ta. Zumar da kika aiko ta iso, an gode ƙwarai. Mijina Kesha ya tsaya a kanta da cokali har sai da na ɓoye sauran a bayan buhun dankali.

Bayan haka, Yaya, Tsoho ya rasu. Gleb Arkadiyevich nake nufi, shugabanmu a cibiyar bincike, wanda kika gani ranar aurenmu yana zana wa Prokhor lissafi a jikin mayafin teburi. Ranar Alhamis ɗin makon jiya ya faɗi a hanyar daji yana tahowa aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke kin san abin da ke tsakanina da shi. Shekara biyu ke nan da aka gayyaci Kesha aiki ƙasar waje, har mun ɗaure kaya, mutumin nan ya tare shi a bakin ƙofar zaure, ya kira shi da cikakken sunansa ya ce, “Innokenti, ina za ka? Wa zai riƙe mini bakin gabas?” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mijina ya dawo gida ya kwance akwatuna da hannunsa. Haka ya yi wa kowa, sauran sassa duk sun watse amma namu ko mutum ɗaya bai tafi ba.

Na san za ki ce ba ki gane aikin namu, ke da kike cewa albashin kunna fitila nake ci. To ki yi haƙuri ki karanta wannan, don sai da shi za ki gane abin da ya dame ni. Na'urarmu da muke kira Kwalba doguwa ce, ta cinye zauren kaf. A cikinta muke kunna wata iska mai tsananin zafi da ake kira filasma, wadda babu ƙarfen da zai riƙe ta sai maganaɗisu. A tsakiya yana da sassauci, a bakuna biyu kuma, na gabas da na yamma, ya matse. Sai ƙwayoyin filasmar su yi ta kai da kawowa, in sun isa inda ya matse su juyo, shi ya sa muke kiran bakunan madubai. Amma duk ƙwayar da ta miƙe sak ba ta kewaye-kewaye, ficewa take yi abinta. Aikin Tsoho duk tsawon rayuwarsa shi ne hana su fita.

Kowane harbi, wato kunna filasmar sau ɗaya, bai kai ƙiftawar ido ba, amma wutar lantarkin da ke bi ta zauren a lokacin ta isa ta kashe mutum nan take. Saboda haka akwai doka. Kowannenmu yana da makullin tagulla a jikin allo a ɗakin sarrafawa. In za ka shiga zaure ka zare naka, in ka fito ka mayar. Muddin rami ɗaya ba makulli, Kwalba ta ɗauka akwai mutum a ciki, koriyar fitila ba za ta kama ba, ba za ta yi harbi ba. Ni ce mai zagaya zauren kafin kowane harbi, in yi kira sau uku, “Akwai kowa a ciki?”, in rufe ƙofa, sannan in danna maɓalli.

Shi Tsoho da makullinsa yake tafiya gida kullum, a aljihun ƙirjin kwat ɗinsa mai ruwan toka, don kada a yi harbi ba ya nan. To a cikin wannan kwat ɗin aka binne shi. Mu duka muna tsaye a bakin kabari, masu digiri da marasa shi, ba wanda ya tuna. Sai ranar Litinin da muka ga rami ɗaya a buɗe muka tsaya muna kallon juna. Fedot mai gyaran wuta ya ce, “Kun ga mutumin naku ko? Ya mutu ma bai ba mu izini ba.” Aka yi dariya, amma gajeriya. Ba a samun irin makullan yanzu, masana'antar da ta ƙera su tana wata ƙasa daban tun da aka rarraba ƙasarmu, an ce ma tukwane take yi. Lev Osipovich, wanda ya gaji kujerar, ya sa Fedot ya haɗa 'yar waya a bayan allo, don Kwalba ta ɗauka makullin yana nan. Da Fedot ya gama ya yi alamar gicciye, shi da bai taɓa taka coci ba.

Ban san me ya sa abin ya tsaya mini a rai ba. Gani nake kamar mun yi wa na'ura ƙarya, ita kuma ta fi mu sanin gaskiya.

Ki gaida Prokhor, ki sumbaci yara. Ki rubuto da wuri.

Ƙanwarki,
Rimma


Sosnogorka,
9 ga Nuwamba, 1993

Yayata Taisiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan. Na ga takardarki. Kin ce in bar camfi ni da na yi boko, na ji, amma ki tuna wace ce ta hana ni miƙa miki hannu ta kan dokin ƙofa ranar da na dawo daga jami'a.

Wani abu na faruwa a Kwalba, Yaya. Tun harbin farko bayan jana'iza filasmar ta daina zurarewa kamar da. Tana daɗewa ninki biyu, wani lokaci fiye. A bakin yamma ƙwayoyin suna fita yadda suka saba, amma a bakin gabas, inda Kesha ke da ma'aunansa, kusan babu abin da ke fitowa. Har waɗanda suka miƙe sak, waɗanda lissafi ya ce dole su fice, suna zuwa bakin sai su juyo. An canza ma'auni, an duba wayoyi, an auna ƙarfin maganaɗisu, komai yana nan yadda Tsoho ya bar shi. Lev Osipovich ya ce kada kowa ya buɗe baki a waje sai mun gane dalili.

Da kin ga Kesha! Rabon da in gan shi haka tun muna ɗalibai. Ya ɗaga ni sama a gaban mutane yana cewa, “Rimma, abin da muka nema shekara ashirin! Ga shi nan, ga shi nan!” Na ce, “Sauke ni, mahaukaci, kai ka yi shi?” Sai ya sauke ni, ya ce a'a, ba shi ya yi ba. Daga nan bai ƙara dariya ba ranar.

Akwai wata ɗabi'a da suke da ita a sashen nan. Girgizar filasma tana da sauri ƙwarai, to sukan naɗe ta a kaset su rage mata gudu har kunne ya iya ji. Da can in an saka, kuka ake ji mai kama da na butar shayi, ya tashi sama ya yanke. Ranar Juma'a Kesha ya kira ni ya ɗora mini abin ji a kunne. Kukan yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu, ƙwas-ƙwas, shiru, sannan ƙwas. Yaya, duk wanda ya taɓa zama taro da Tsoho ya san wannan bugun. Haka yake buga zobensa a teburi in wani ya miƙe zai fita bai gama magana ba. Na cire abin na ajiye, na ce ƙarfe ne ke saki saboda sanyi. Kesha ya ce, “Haka ni ma na ce.” Fedot ya saurara shi ma, ya ce, “Ni dai in ya fara neman shayi ku nemi wani mai gyaran wutar.”

Mun ajiye wa Tsoho ƙaramin kofin giyar vodka da yankin baƙin burodi a kai, a teburinsa, kamar yadda ake yi wa mamaci. Shekaranjiya ina zagaye sai na tarar da kofin a ƙasa a bakin gabas, kusa da sandunan tagullar da ke ɗaukar wuta. Na tambayi kowa, kowa ya ce ba shi ba. Na fi zaton Kesha ne, amma ban matsa masa ba, don ina tsoron ya rantse mini in kuma yarda.

Abin da ya fi damuna shi ne kiran nan nawa. Na yi shekaru ina cewa “Akwai kowa a ciki?” ina tunanin abin da zan dafa. Yanzu in na yi kira na uku sai zauren ya yi wani irin tsit, irin na mutumin da ya ja numfashi zai amsa sai ya fasa. Sai in rufe ƙofa da sauri, da rana tsaka, ga fitilu ko'ina.

Kada ki gaya wa Prokhor, zai mayar da ni abin tsokana har bazara. A gaida yara.

Taki,
Rimma


Sosnogorka,
22 ga Nuwamba, 1993

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Prokhor da yara. Ina fatan sanyin bana bai matsa wa ƙafarki ba. Mu nan dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Lafiyar jiki dai muna da ita, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kesha ya rame. In na zuba masa miya sai ya yi ta juya cokali har ta yi sanyi. Zumar ma da na fito masa da ita bai kalle ta ba. Da safe ya riga kowa zuwa cibiya, kuma da zarar an buɗe zaure tsakanin harbi da harbi yana can bakin gabas a tsaye, hannu a baya. Tsayuwar ma ba tasa ba ce, Yaya, ke kin san Kesha ba ya iya tsayawa wuri ɗaya.

Ranar Asabar na kai wa matar marigayi, Nonna Pavlovna, kabeji mai tsami. Ta haɗa mana shayi, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta cire wani abu daga aljihun kwat ɗin kafin a rufe akwati. Ta ce, “Makullin? Ni na sa masa shi da hannuna. 'Yata, kina so ya tashi ya zo nema a nan?” Na ce ai an ce kwana arba'in mamaci yana zaga wuraren da ya saba, ko tana jin motsinsa a gidan? Ta yi wata 'yar dariya ta ce, “Nan? Nan wurin cin abincinsa ne kawai. Yana can wurinku.” Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ita 'yar Leningrad ce, ya kawo ta nan tana amarya, kuma tun daga ranar ba ta taɓa haye gadar jirgin ƙasa da ke bakin dajinmu ba. Ko da uwarta ta rasu. Na ce hana ki ya yi? Ta ce, “Bai taɓa hana ni ba. In na isa gadar sai in ga kamar na bar wani abu a kan wuta.”

Da na dawo na tarar da Kesha a kicin da takardunsa. Ya ce ya ƙirga, ranar Litinin mai zuwa Tsoho zai cika arba'in, kuma yana da yaƙinin daga ranar abin zai tafi, filasma ta koma zurara kamar da. Ya ce ma'aunai ba sa ganin abin da ke juyo da ƙwayoyin, sai dai ido. Na ce wane ido? Ya ce akwai 'yar taga ta gilashi a bakin gabas, in mutum ya tsaya daidai nan lokacin harbi zai gani. Na ce, “Innokenti, tsakanin tagar nan da sandunan wuta ko kamu biyu babu. Gawarka zan kwasa.” Ya ce, “Shi Tsoho ai yana tsaye a wurin kullum.” Na ɗauki farantin da ke hannuna na rotsa shi da ƙasa, irin na Mama mai shuɗin baki, ki yafe mini. Ya durƙusa yana tsince gutsattsarin yana ba ni haƙuri, wai wasa yake yi.

Ba wasa yake yi ba. Yau ina zagaye na leƙa bayan manyan akwatunan ajiye wuta, inda ba mai shiga, na ga an share ƙura daidai faɗin mutum ɗaya. Ai abin mai sauƙi ne, ya mayar da makullinsa jikin allo, ya sulale ya koma ciki, ya laɓe har in gama kirana. Kuma ni zan danna maɓallin da yatsana. Wannan ne abin da ba zan yafe masa ba, ya san ni ce.

Na faɗa wa Lev Osipovich a fakaice. Ya ce kowa ya gaji, in haƙura a gama wannan jerin harbin sai a ba Kesha hutu. Shi ma idonsa na kan sakamakon. To na yanke shawara ni kaɗai. Ranar Litinin da sassafe zan cire wayar Fedot in sa a aljihu. Kwalba za ta tuna cewa Tsoho bai fito ba, ta ƙi tashi. Kafin su gano abin da ya faru yini ya wuce, arba'in ta cika. In sun so su kore ni, sai mu taho Biysk ki ba mu ɗakin baya.

Ki sa mu a addu'a, ke da kike zuwa coci.

Ƙanwarki mai kewarki,
Rimma


Sosnogorka,
1 ga Disamba, 1993

Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Bari in fara da abin da kike son ji, Kesha yana raye. Yana kwance a ɗaki yanzu haka, na ba shi shayi da zuma ya sha.

Ranar Litinin na riga kowa isa. Na kwance murfin bayan allo, na cire wayar, na naɗe ta na sa a aljihun rigar aikina. Na gwada, koriyar fitila ba ta kama ba. Na zauna na sha shayina har da ƙari, rabon da in ji daɗin shayi haka an daɗe. Mutane suka taru, Nonna Pavlovna ta aiko mana da dafaffiyar shinkafa da zabibi ta arba'in, kowa ya ci cokali guda a tsaye. Wajen hantsi Lev Osipovich ya ce a shirya harbin farko. Kowa ya fito ya mayar da makullinsa, na Kesha ma yana raminsa. Na tambayi Fedot ina yake, ya ce ya ga kamar ya sauka shan taba. Kesha bai taɓa shan taba ba.

Na shiga na yi zagayena. Da gangan ban leƙa bayan akwatunan ba, don na san in na fito da shi a gaban mutane zai sake gwadawa a harbi na gaba, ni kuwa yinin gaba ɗaya nake so in kashe. Na yi kira uku, na rufe ƙofa, na dawo na zauna ina jiran a fara mita da neman inda waya ta tsinke.

Sai koriyar fitila ta kama.

Na sa hannu a aljihu, waya tana nan. Na ɗaga kai na dubi allo. Yaya, ramin Tsoho ba a buɗe yake ba. Makullin yana ciki, da ɗan jan zaren nan da ya ɗaura masa, wanda duk mun sani. Ba wanda ya lura sai ni, kowa idonsa na kan ma'auninsa. Lev Osipovich ya ce, “Rimma Danilovna, muna jiranki.” Ya sake cewa, “Yau kuma bacci kike? Danna mana.” Kuma wallahi yatsana yana kan maɓallin, ban san lokacin da ya je ba. A nan na gane abin da ake nufi. Tsoho ya fito ya mayar da makullinsa kamar yadda doka ta ce, don lokacin tafiyarsa ya yi. Amma ba zai bar bakin gabas ba mai tsaro ba.

Na miƙe na fizge makullin daga allo. Sanyinsa ya kama mini tafin hannu kamar ƙarfen ƙofa a tsakiyar hunturu. Fitila ta mutu. Na buɗe zaure na ruga, Fedot na bina yana kiran sunana. Ga Kesha a bakin gabas, goshinsa a jikin tagar gilashi, gefen kwat ɗinsa na taɓa sandar wuta. Na kira shi bai juyo ba. Sai da na kwaɗa masa mari, irin wanda kika yi mini da na shiga kogi ina ƙarama, sannan ya dube ni ya ce, “Rimma? Ai cewa ya yi in ɗan riƙe masa.” Ni da Fedot muka ɗauko shi.

An yi taro jiya. An dakatar da harbi, an hana haɗa waya a bayan allo har abada, Lev Osipovich ya sha faɗa. Suna cewa Kesha ne ya sa aka ƙera makulli a ɓoye ya ɗaura masa jan zare. Shi kuma ya rantse mini da kabarin uwarsa bai yi ba, ya ce shi da wayar Fedot ya dogara, bai ma san na cire ta ba. Suka ce in miƙo makullin. Na ce na jefa shi ramin masu kamun kifi a kan ƙanƙarar kogi. Ƙarya nake, yana aljihuna. Gobe zan kai shi maƙabarta in mayar wa mai shi.

Ki share ɗakin bayan nan, Yaya. Kesha da bakinsa ya ce mu tafi.

Taki har kullum,
Rimma


Sosnogorka,
13 ga Disamba, 1993

Zuwa ga Yayata Taisiya,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai neman taimako. Ina fatan ke da Prokhor da yara kuna lafiya. Na san kun je tasha ranar da na ce, kun tsaya cikin sanyi ba ku gan mu ba. Ku yi haƙuri. Ga dalili.

Kesha ya warke sarai. Yana ci kamar mai huce yunwar shekara, ya dawo da shirmensa, har ya ɗaure littattafansa da kansa. Ko sunan Kwalba ba ya son ji. Wannan ya isa in gode wa Allah, kuma ina godewa.

Na kai makullin maƙabarta kamar yadda na ce. Na tona dusar ƙanƙara har ƙasa, na tura shi a gindin gicciye, na ce, “Gleb Arkadiyevich, ga kayanka, ka bar mu haka.” Washegari na je cibiya kwashe tarkacena, ni ce ta farko a ɗakin sarrafawa, na tarar da shi a raminsa a jikin allo, koriyar fitila a kunne. Na leƙa ta taga, ga Kesha a bakin babbar ƙofa, ba hula, ba safar hannu, yana tsaye hannu a baya. Na zare makullin, a take na ga ya girgiza kai yana waige-waige kamar wanda aka tasa daga bacci. Tun ranar na zura shi a igiyar gicciyena, yana wuyana. Muddin yana jikina mijina nawa ne, saboda haka kada ki ce in jefar, na riga na gwada.

Amma kin tuna dokar da na gaya miki a takardar farko. Duk wanda makulli ke hannunsa, Kwalba ta ɗauka yana ciki.

Na hau bas zan je tasha sayen tikiti. Muna isa gadar jirgin ƙasa sai na ji tabbas na bar buta a kan wuta, na sauka na koma da ƙafa. Ba buta, ba wuta. Kwana biyu bayan nan na sake hawa, na ce wa kaina ko gidan ne ke ci ba zan sauka ba. Ina kallon gadar tana matsowa, sai kawai na gan ni a bas mai dawowa, da kuɗin tikitin a dunƙule a hannuna, wata mata kusa da ni tana tambaya ko lafiya. Ban san yadda aka yi na canza mota ba. Ko a cikin gida ma, Kesha ya ce ina yini ina zirga-zirga daga taga zuwa ƙofa, in na zo ƙofa ba na taɓa ta, sai in juya.

Ranar Asabar ya ce bari mu je tare a ƙafa, ya riƙe hannuna gam yana ba ni labarin yadda zai koya wa yaranki lissafi su tsane shi. Ina dariya har muka fito daga cikin itatuwa. Da muka taka bakin gadar na tsaya cak. Ya ja ni, na ƙi. Na ji bakina ya buɗe, da muryata, ba ta kowa ba, na ce, “Innokenti, ina za ka? Wa zai riƙe mini bakin gabas?” Ya saki hannuna. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta koma fara haka ba. Muka dawo gida, ya zauna a kan akwati ya yi kuka kamar yaro. Ya ce in ba shi makullin, shi ya jawo. Na ce sai dai ya yanke wuyan tare da igiyar.

Ina tsoro, Yaya. Jiya na hango Nonna Pavlovna a layin burodi da tsohuwar jakarta, na ga kaina nan da shekara talatin.

Amma ban yi aikin nan a banza ba, na san wace ƙwaya ce ke fita daga Kwalba. Mai kewaye-kewaye, mai rage gudu in ta zo baki, ita ce ke juyawa. Wadda ta miƙe sak da ƙarfinta ita ke ficewa, kuma yanzu ba kowa a tsaye a bakin sai ni kaina. Don haka ga roƙona. Ki turo Prokhor da babbar motarsa ranar Lahadi. Kada ya kashe inji, kada ya shigo shan shayi, ko ɗan zaman nan da ake yi kafin tafiya ba za mu yi ba. A sa ni a tsakiya, shi a dama da ni ko hagu, Kesha a ɗaya gefen, a kulle ƙofofi. Ki gaya masa tun daga cikin daji ya taka mota, kada ya saurare ni. Zan ce na manta takarduna, zan ce zan yi amai, wataƙila in zage shi, wataƙila in yi masa magana irin wadda bai taɓa ji daga bakina ba. Ki ce masa ba ƙanwarki ce ke magana ba, ƙanwarki ita ce ta rubuto wannan takarda, kuma tana so ta zo gida. Ko me ya ji, kada ya taka birki sai ya ga gadar a bayansa.

Ki sumbatar mini yara, ki ɗora ruwan zafi.

Ni ce ƙanwarki,
Rimma